Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Hausa Da Masu Fassara: A Daina Yi Wa Zancen Tsofaffi Kuɗin Goro

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina yi muku barka da aiki. Wannan takarda taku ce, malamai masu koyar da Hausa a firamare da sakandare, da ku masu fassara labarai da sanarwa a gidajen rediyo da talabijin, har da ku masu rubuta mana takardun wayar da kai kan lafiya da noma. Na haɗa ku wuri guda ne saboda ta bakinku da alƙalaminku kalma take shiga gidajen mutane ta samu wurin zama. Ni tsohon malamin firamare ne, na daɗe da ajiye alli, ba ni da wata kujera da zan yi magana daga kanta. Kalma ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, ita ce camfi. Ku yi mini uzuri in na yi tsawo, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwanakin baya jikata, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ta same ni bayan sallar isha'i da littafinta, wai in riƙe mata ta yi hadda saboda gobe za a tambaye su. Kan darasin shi ne "Camfe-camfen Hausawa". An jero musu abu takwas. Zama a dokin ƙofa, na ce haka ne. Shara da dare, na gyaɗa kai. Yaro ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, wannan ma ba musu. Daga nan sai na ga: mace ba ta kiran sunan mijinta. Sai labarin Bayajida da macijin Kusugu. Sai Gizo da Ƙoƙi. Sai barin gawo a tsakiyar gona. Na ƙarshe, mai jego ta sha sabara. Na cire tabarau na goge da bakin riga, na mayar, na matso da fitila. Idona bai yi mini ƙarya ba. A cikin takwas ɗin nan uku ne kacal camfi. Sauran biyar kowanne yana da sunansa da kakanninmu suka raɗa masa, an tuɓe musu an sa musu riga ɗaya.

Ban ga laifin malamin nata sosai ba. Abin da yake ji kullum a rediyo shi ya kawo aji. Duk abin da tsohuwa ta faɗa wanda ba a karanta a littafin boko ba, yanzu camfi ake ce masa. Mai fassara ya ci karo da kalmar Turanci mai nufin labarin asalin wata al'umma, sai ya ce camfi. Ya tarar da wadda ke nufin ƙaryar da ke yawo kan allurar rigakafi, camfi. Wadda ke nufin sanin da mutanen karkara suka gada, ita ma in an yi mata adalci a ce "camfe-camfe da al'adun gargajiya". Kalmar ta zama kwandon shara, alhali tana da iyakarta tsaf.

Camfi yana da siffa da ake gane shi da ita. Kusan kullum a kan "in ka yi kaza, kaza zai same ka" yake tafiya, kuma in ka nemi igiyar da ta ɗaure na farkon da na biyun ba za ka same ta ba. In ka tsallake yaro yana kwance ba zai yi tsawo ba. In tafin hannunka na ƙaiƙayi kuɗi na tafe. In mujiya ta yi kuka a kan ɗaki an yi kiran mutuwa. In ka yi fito da dare ka kira abin da ba ka iya kora. Kalmar tana da aikatau ma: ana camfa wuri, ana camfa rana, har mutum ana camfawa. Matar da ta auri maza biyu suka rasu, ko arzikinsu ya karye, sai a ce mai farar ƙafa ce, kuma na san wadda ta tsufa ba aure a kan wannan magana kaɗai. Malamanmu na addini da wannan kalma suke fassara abin da hadisi ya kore, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu shu'umci da tsuntsu, babu mujiya, babu Safar. Duk da haka har yau akwai gidajen da ke ɗar-ɗar da Larabar ƙarshen watan Safar, wadda ake kira Larabgana. To, kun ga nauyin kalmar. In kuka ce wa Bahaushe abu camfi ne, kun gaya masa cewa riƙe abin nan rauni ne a imaninsa. Kalma mai wannan nauyi ba a jefa ta a kan duk abin da aka ga dama.

Na san akwai masu cewa kowane camfi da hikima a ɓoye cikinsa. Wasu kam akwai. Mai zama a dokin ƙofa ya tare wa jama'a hanya, kuma ya fi sauƙi a ce wa yaro aljanu za su bi ta kansa da a tsaya yi masa dogon bayani. Shara da dare a zamanin aci-balbal tana iya tafiya da allura ko kwabo, tana iya taso da kunama. Amma kada son gida ya sa mu wuce gona da iri. Hana yaro ƙwai ba abin da ya ƙara masa sai rama, manya ne suka fi son ƙwan ya zama kaza ko ya shiga bakinsu. Zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri da ke fitowa bayan haihuwa, a kan cewa gurɓatacce ne, camfi ne mai cutarwa, don shi ne garkuwar farko da jariri ke samu. A nan in kuka ce camfi kun faɗi daidai, ku ɗaga murya ma.

Matar da ba ta kiran sunan mijinta fa? Ku tambaye ta me zai faru in ta kira. Za ta yi dariya ta rufe fuska da gefen mayafi, ba za ta ce muku wani bala'i zai sauka ba. Alkunya ce, irin wadda uwa ke yi wa ɗan fari, ta ƙi kiran sunansa ta ƙi wasa da shi gaban mutane. Sunan wannan al'ada. Al'ada abin da aka saba ne aka taras ana yi, ba lalle ne a ce akwai tsoro a ƙarƙashinta ba.

Kuma al'ada ba dukanta ce alheri ba, wannan ya sa raba ta da camfi yake da amfani ga ma'aikatan lafiya musamman. Ku ɗauki wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, tafasasshen ruwa ana fyaɗa shi da ganyen tsamiya ko darbejiya, ga kunun kanwa, a wasu wurare har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa, suka danganta abin da yawan kanwa da tsananin zafin nan. Yanzu ku je ku ce wa kakar jariri wankan jego camfi ne. Za ta dube ku sheƙeƙe, don ita ba aljani take gudu ba. Sanyi take gudu, a saninta jikin mai haihuwa ɗanye ne, in sanyi ya shige shi kumburi zai biyo baya. Wato tana da nata bayanin na yadda jiki ke aiki, kuma da bayani ake tunkarar bayani. A ce mata ruwan ɗumi ya wadatar, kanwa in ta yi yawa ita ce ke tara ruwa a jiki ta kawo kumburin da take tsoro. Wannan magana tana iya shiga kunnenta. In kuwa kuka fara da camfi, kun zage ta tun kafin ku zauna.

Gizo da Ƙoƙi kuwa har dariya suka ba ni da na gan su a jerin. Wa ya taɓa yin imani da Gizo? Tatsuniya ita ce kaɗai maganar da ke shelar ƙaryarta da bakinta. Da "ga ta nan, ga ta nanku" ake buɗewa, yara su amsa "ta zo mu ji ta", kowa ya san an bar duniyar gaske. A ƙarshe a ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya", har a ƙara da cewa da ma ƙaryar ce. Akwai dai camfi da ya kewaye ta, shi ne cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata. Kakata in muka matsa mata da rana sai ta ce a fara ɗaure Gizo tukuna, ta zaro tsinke daga jinkar ɗaki ta ƙulla. Ni dai a ganina so take mu bar ta ta gama surfe.

Wannan rikita tatsuniya da camfi ba yau aka fara ba, kuma ba daga gare mu ta taso ba. A 1913 wani jami'in mulkin mallaka mai suna Tremearne ya buga littafi da Turanci wanda kan sunansa ke cewa camfe-camfe da al'adun Hausawa, alhali babban rabon littafin tatsuniyoyi ne guda ɗari. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1911 da 1913, Frank Edgar ya fitar da kundi uku na abin da malamai suka rubuta da ajami, kuma su malaman sun san bambancin tatsuniya da labari. Baƙo in ya haɗa su a buhu ɗaya ana iya yi masa uzuri. Mu da muka sha su a nono fa?

Muna da almara, ƙagaggen zance mai ban mamaki, wani lokaci a rufe shi da tambaya a bar masu sauraro suna gardama, kamar a ce cikin mutum ukun nan wa ya fi gwaninta. Muna da hikaya, wadda ta zo mana ta hanyar littattafan Larabci da bakin almajirai. Muna da ƙissa, ta annabawa da sahabbai, kuma ina jan kunnen duk mai fassara kada ya kuskura ya sa almara ko tatsuniya inda ƙissa ta dace, don abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin gyaran kuskure a shirin gobe.

Bayajida ya fi wuya, shi ya sa nake so in ɗan daɗe a kansa. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, ana zuwa ana ɗiban ruwanta. Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram ba ƙage ba ne, garuruwa ne da masarautu. Amma cewa baƙo ɗaya daga Bagadaza ya kashe maciji, ya auri Daurama, ɗansa da jikokinsa suka kafa ƙasashen nan, wannan masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kai, wasu na ganin labarin yana adana tunawa da shigowar wasu baƙi da sauyin sarauta daga hannun mata zuwa maza. In ka kira shi tarihi kai tsaye ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. In ka kira shi tatsuniya ka ci mutuncin mutanen da suka riƙe shi shekaru aru-aru a matsayin asalinsu. Masana Hausa a jami'o'inmu sun ƙirƙiro masa suna mai daɗi, tarihihi, wato abin da ya yi kama da tarihi, yana da ƙashin gaskiya amma baki ya ɗora masa tsoka. Kalmar tana cikin littattafan nazarin adabi, amma ban cika jin ta a rediyo ba, kuma jikata ba ta taɓa jin ta ba sai a bakina.

Abin da ya sa bai kamata a yi saurin watsi da irin wannan labari ba, ku dubi Kano. Labarin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dala don neman tama. Masu tonon kayan tarihi suka zo suka sami alamun narkar da ƙarfe a wurin da suka kai tun wajen ƙarni na 7. Da an yi wa labarin lakabin camfi an wuce, da ba wanda zai ga inda baki da ƙasa suka yi shaida ɗaya. Shi kuwa abin da Barbushe yake yi a wurin Tsumburbura, yanka baƙaƙen dabbobi da shiga ɗakin gunki ya fito ya faɗi abin da zai faru, wannan sunansa tsafi, addini ne da mutanen wancan zamani suke bi kafin Musulunci ya kafu. Haka bori, da girkarsa da iskokinsa, su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna. Mutum na iya ƙin abu ƙi na haƙiƙa kuma ya kira shi da sunansa na gaskiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya yi rubutu kan masu yanka ga itatuwa da duwatsu bai ce musu masu camfi ba, ya ɗauki abin a matsayin bauta ya yi hukunci a kansa a haka.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai, gawo. Mahaifina manomi ne, a gonarmu ta gado akwai gawo huɗu, kuma ko reshe ka sara ba izini sai jikinka ya gaya maka. Bai taɓa ce mana akwai aljani a ciki ba, wannan tsamiya da kuka ake jingina wa. Abin da yake yi shi ne ya kai mu gindin gawon ana dab da girbi, ya kamo zangarniyar gero ɗaya a nan, ya taka kamar taku talatin ya kamo wata a fili, ya haɗa su a hannu ya ce mu duba. Ta gindin gawo ta fi tsawo, ta fi cika, ko makaho ya shafa ya sani. Gawo itace ne mai yin abu a juye. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke cika da ganye, shi yake kaɗe nasa, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da ake bukata. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba kashi. Masana aikin gona sun zo daga baya sun ƙara da cewa saiwarsa tana tara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. A ƙasar Maraɗi kuwa, daga wajen 1983, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, abin ya bazu har Damagaram, yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a Nijar ta wannan hanya. Abin ban dariya, sunan da aka ba dabarar shi ne sassaben zamani. Sai da aka liƙa mata zamani sannan ta yi farin jini.

Wannan shi aka rubuta wa jikata a layin camfi, tsakanin Gizo da sabara. Yarinyar da za ta gaji gonar nan an koya mata cewa abin da kakan ubanta ya gwada da hannunsa shekara da shekaru tsoron banza ne. Sunansa sani. In kuna so ku ce ilimin gargajiya, ban ƙi ba, muddin kun tuna cewa gargajiya dangin gado ce, ba ta nufin ƙauyanci. Manomin da ke cewa watan bakwai maƙarar rani lissafi yake yi. Mutanen Tawa ta Nijar da ke haƙa tassa, 'yan ramuka a fako a zuba taki don su kama ruwan sama, aikin injiniya suke yi da fartanya. Akwai ma inda sani da camfi suke kwana a jimla ɗaya. Bahaushe ya ce bakan gizo yana shanye ruwa, har ya sa masa suna masha-ruwa. Lurar daidai ce, sau da yawa in ya fito hadari ya fara watsewa. Dalilin da aka bayar ne ba daidai ba. Malamin kirki zai raba wa yara biyun, ya yaba idon da ya lura, ya gyara bayanin.

Haka batun magani. Boka a tsohuwar Hausa mai magani ne, masanin saiwa da sassaƙe, shi ya sa da likitocin asibiti suka zo aka ce musu bokan Turai. Yau in ka ce boka, abin da ke zuwa zuciyar yaro shi ne mutumin finafinai mai jan ƙyalle a cikin kogo yana ƙyaƙyata dariya. Kalmar ta riga ta tafi, ba na jin za a dawo da ita. Amma saura da suka rage a kiyaye su: maɗori mai ɗora karaya, ungozoma, wanzami, 'yar mai ganye. Sihiri da sammu da tsubbu daban suke, damfara kuma daban. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba mai zarginsa da bin camfi, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basir da ciwon ido da amfanin filasko. Ba ina cewa duk abin da aka jiƙa a ƙwarya waraka ba ne. Yankan gishiri ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari, cire belu da aska ɗaya ga jarirai goma ganganci ne, mai lasifika a bakin tasha da kwalba ɗaya mai maganin cuta arba'in kuwa ɗan kasuwa ne kawai. Sabara dai ganye ce, ana iya kai ta ɗakin bincike a auna a ce tana yi ko ba ta yi, a faɗi yawan da ya kamata. Abin da ake iya aunawa ya fita daga layin camfi.

Ku masu takardun lafiya, ga wani abu da nake so ku riƙe. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. An yi ta cewa camfi ne ya hana mutane. Amma zancen da ya yi yawo a lokacin, cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa, ba kakanninmu suka bar mana shi ba. Jita-jita ce sabuwa fil, kuma ta sami ƙasa mai taki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya shafi yara wajen 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Uban da ya rufe ƙofarsa ya yi kuskure, yara sun shanye a dalilin haka, amma abin da ke ransa rashin yarda ne, kuma maganin rashin yarda daban yake da na camfi. Sai da aka bi ta hannun sarakuna da malamai, aka zauna aka saurari mutane, sannan ƙofofi suka buɗe, har aka kai 2020 aka ce ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. Abin lura, camfin na gaskiya yana cikin sunan da ku kanku kuke faɗa a rediyo. Shan inna, wato Inna ta bori ce ta shanye ƙafar yaro. Ban ce a canza sunan ba, ya riga ya zauna, kuma yawancin masu faɗarsa ba su ma san wace Inna ba ce.

Haka daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba, kowa na kiran ɗan'uwansa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Ni ma an tashe ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na tsaya da bokiti a hannu ina tunani. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu a asibiti. Wannan zance kwanansa ɗaya a duniya, ta waya ya zo, masu digiri ma sun yi wankan. Muna da sunayensa birjik: jita-jita, raɗe-raɗi, ƙanzon kurege, shaci-faɗi. In kuka ce masa camfi kun ɗora wa tsofaffi laifin da wayar salula ta yi.

Akwai kalma ɗaya kuma da nake roƙon ku riƙa ɗaukarta kamar garwashi, ita ce maita. Na sha jin mai karanta labarai ya ce "an kama wata mayya a ƙauye kaza", kamar yana cewa an kama ɓarauniya da kaya a hannu. Wadda aka kama ɗin kusan kullum tsohuwa ce marar gata, yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ya ambaci sunanta cikin magagi, aka taru a kanta, a ce ta tsallake shi ta saki kurwarsa. An rasa rayuka a haka. Ku ce "wadda ake zargi da maita", ku faɗi abin da aka yi mata, ku nemi jin ko an kai yaron asibiti. A nan ne ya kamata kalmar camfi ta fito da ƙarfinta, sai kuma a nan ne kuke yin shiru da ita.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ƙamus na nan, tun na Bargery na 1934 har na Jami'ar Bayero na 2006, a riƙa buɗawa kafin a fassara. Edita ya tambayi mai fassara, wannan da ka ce camfi, tsoro ne marar dalili, ko saba ne, ko labari ne, ko ƙarya ce sabuwa, ko kuwa abu ne da aka gwada aka gani? Malami kuma, maimakon ya rubuta jeri a allo a haddace, ya tura yara gida kowa ya samo abu biyar daga bakin kakarsa, a zo aji a baje su, a yi ta gardama wanne ya shiga wane layi. Na yi haka da 'yan aji shida shekaru da dama, kuma ba a taɓa tashi ba tare da wani yaro ya kawo abin da ni kaina na rasa inda zan sa shi ba. Wani ya taɓa kawo mini cewa ba a kiran maciji da sunansa da dare, sai a ce igiyar ƙasa. Rabin aji suka ce camfi, rabi suka ce ladabin magana ne kamar yadda ake ce wa ƙyanda baƙon dauro. Har aka buga ƙararrawa ba mu gama ba.

Ita kuwa jikata, na ce ta haddace takwas ɗin yadda aka ba ta, don kada ta faɗi jarrabawa a kan gardamar kakanta. Amma na ɗauki fensir na rubuta a gefen kowanne cikin biyar ɗin sunansa: al'ada, tarihihi, tatsuniya, sani, magani. Na ce in malam ya gani ya tambaya, ta ce masa ina gaishe shi, kuma ina zaune a ƙofar gida kullum bayan la'asar.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare daga ƙasar Katsina